Ƙaddamar da Littafin da Bai Iso Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta ƙarshen damina ba, ko da tsufa zai sa in riƙa rikita sunayen 'ya'yana. A ranar ce na tara mutanen garin nan a ƙarƙashin rumfuna uku, na ɗauko hayar lasifika, na zuba babbar rigar da rabona da ita tun ɗaurin auren ƙanwata, wai zan ƙaddamar da littafina na farko. Kowa da komai ya hallara, har da mai hoto. Abu ɗaya ne kawai bai samu zuwa ba, shi ne littafin.

Bari in faro daga tushe. Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a nan Birnin Gwari, littafin kuma, in za a bi gaskiya, ba nawa ba ne ni kaɗai. Rabinsa, kai har fiye da rabi, na Baba Tanko ne. Baba Tanko tsoho ne ɗan Gbagyi wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana cire zuma a daji, mutumin wani ƙauye da ake kira Rafin Kirya, can bayan Gwaska. Da rashin zaman lafiya ya tashe su, sai ya dawo gidan ɗansa Danjuma a unguwarmu, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Kullum bayan la'asar yakan zauna a kan wani tsohon turmi da aka kife a ƙofar gida, idanunsa sun riga sun yi yana, yana ba duk wanda ya tsaya labarin daji. Wace bishiya ƙudan zuma suka fi so, wane rafi ne ba ya ƙafewa ko a tsakiyar bazara, gidan wa ke bin gidan wa a ƙauyen da yanzu ciyawa ta cinye. Mutane su saurara kaɗan su wuce harkarsu. Ni na fara zuwa da biro da takarda don in tsinci kalmomin da zan burge ɗalibai da su, daga baya na kasa dainawa. Shekara biyu muka yi muna wannan zama.

Wata rana, bayan ya tashi daga wata jinya da ta kusa tafiya da shi, ya ce mini, "Malam, wannan abu da kake ta rubutawa, yaushe zai zama littafi? Ka ga ni ba yaro ba ne. Ina so in riƙe shi a hannuna, in san Rafin Kirya ba ta mutu duka ba."

Na ce, "Baba, in Allah ya yarda kafin a gama yankan dawa za ka riƙe shi." Na faɗa ne da ƙarfin gwiwar wanda bai taɓa buga ko katin biki ba.

Na aika rubutun wurin masu buga littattafai, na aika nan na aika can. Shiru kake ji, malam ya ci shirwa. Da na gaji da jira sai na yanke shawarar in buga abina da kaina. Na sayar da masarar da na noma bara, na haɗa da tunkiyar maiɗakina (da yardarta, in ji ni, amma ita tana da tata ruwayar), na kai wa wani mai injin ɗab'i a Kaduna. Tun kafin a gama aikin na fara zagayen shagunan littattafai ina neman wanda zai karɓa. Wani ya ce in an buga in ajiye masa kaɗan, in Allah ya kawo mai saye zai neme ni. Wani ya jujjuya samfurin bangon ya tambaye ni ko akwai soyayya a ciki. Na ce akwai zuma. Ya miƙo mini abina. Wani abokina kuma ya ce in ɗora shi a intanet, duniya ta saya. Na tuna yadda muke hawa tudu muna ɗaga waya sama kafin saƙo ɗaya ya fita, na ce duniyar ta ɗan jira tukuna.

A ɗakin malamai nake ta wannan ƙorafi, sai Madam Rifkatu ta ɗago kai. Madam Rifkatu ita ke koyar da aikin gona a makarantarmu, 'yar kudancin Kaduna ce da ta fi shekara ashirin a garin nan, kuma tana da wata ƙatuwar jaka wadda ba a taɓa ganin gindinta ba. Citta, daddawa, yajin ƙuli, man ja, duk daga cikinta suke fitowa, kuma babu malamin da wata ke ƙarewa bai saya ba.

Ta ce, "Malam, littafi ma ai kaya ne. In ya iso ka ba ni kaɗan in zuba a jakar nan. Ka kai wa mai kemis, ka kai wa direbobin tasha, ka ba 'yan acaɓan da ke shiga Kutemeshi ranar kasuwa. Mutanenmu ba sa zuwa shago neman littafi, amma in sun gan shi a hannun wanda suka sani, za su saya."

Na gyara zama, na yi mata irin murmushin da nake yi wa ɗalibin da ya ba da amsar da ba daidai ba, na ce, "Madam, littafi fa ba daddawa ba ne."

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ta mayar da kanta kan aikinta. (Ku riƙe wannan magana tawa, za ta dawo ta same ni.)

Ni abin da nake so shi ne ƙaddamarwa, irin wadda nake gani ana yi wa manyan marubuta. Ga wanda bai taɓa halarta ba, ga yadda ake yi: a kafa babban tebur, a zaunar da manya, a naɗe kwafin littafin a takarda mai ƙyalli a ɗaure da ribon, sai babban mai ƙaddamarwa ya taso ya yanke, ya ɗaga littafin sama, ya sanar da abin da ya saya, a yi tafi, marubuci ya sunkuyar da kai kamar abin bai dame shi ba. Wannan sunkuyar da kan har gwajinta na yi a gaban madubi. Na roƙi Alhaji Sale, babban dillalin hatsi a garin nan, ya zama mai ƙaddamarwa, ya amsa da murna domin 'yarsa Zainab ɗalibata ce a aji biyar. Shugaban makarantarmu ya yarda ya zama uban taro, ya kuma ba ni filin makaranta. Na buga kati, na raba har ga mutanen da ba ma gaisawa sosai. Aka sa rana Asabar, domin Danjuma ya gaya mini ranar Litinin zai kai Baba asibiti Kaduna, jikin ya sake motsawa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci direban da aka ɗora wa kwalayen littafin ya kira ni. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri fa. Giyar mota ta watse mana a Buruku, muna wurin bakanike, motocin rakiyar jami'an tsaro kuma sun wuce. Ka san ba mai shiga dajin nan shi kaɗai. Sai an gyara, sai kuma an sake rakiya."

Na ce, "Gobe fa ake taron!"

Ya ce, "Wallahi ko gobe ake naɗa ka sarki, ba zan shigo ba."

Na koma gida. Maiɗakina na tsakar gida tana soya cincin ɗin taro, ga robobin zoɓo an jera. Da na gaya mata, ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "To mene ne a ciki? Gobe ka tashi ka gaya wa mutane gaskiya. Wa ye a garin nan bai san halin hanyar nan ba? Amare nawa ta riƙe, balle takarda?"

Gaskiyarta ce. Da na faɗa, babu wanda zai ce uffan, har jaje za a yi mini. Amma na riga na ga kaina a hoto ina tsaye kusa da Alhaji, littafi a sama, kai a sunkuye. An ce girman kai rawanin tsiya, ni kuwa a ranar nawa rawanin har da kunnuwa biyu.

Da safe ina neman hulata a kan kabad sai idona ya faɗa kan wani tuli. Littattafan rubutun 'yan aji biyar ne, waɗanda na karɓa tun farkon zango da sunan zan duba aikin da na ba su, zirga-zirgar Kaduna ta sa ban ko buɗe su ba. Na ɗauki guda uku na haɗa, na auna a hannu. Tsawon ya yi, kaurin ya yi. Shaiɗan ya matso kusa ya ce, ai in an naɗe wa zai sani? Na zauna a kan tabarma na yi ƙunshi biyar, kowanne da ribon ja, na gyara kusurwoyi tsaf yadda ko a kanti sai haka.

Maiɗakina ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu tana kallona. Ta ce, "Malam, ramin ƙarya fa ƙurarre ne."

Na ce, "Wannan ba ƙarya ba ce, wakilci ne. Ribon kawai za a yanke, a ɗaga, a yi hoto. Sai a sanar cewa za a raba kwafi mako mai zuwa saboda tsari."

Ta ce, "Tunkiyata dai." Ta koma kicin.

Na ja mai gabatar da taron gefe, wani abokin aikina, na ce masa da zarar an yanke ribon ya yi maza ya ce a ɗaga sama, kada ya ba da sararin buɗewa. Ban gaya masa dalili ba, shi ma bai tambaya ba.

Taro ya yi taro. Malamai, iyayen yara, 'yan kasuwa, ɗalibai a baya sun yi cincirindo, ga kuma mutanen ƙauyukan da aka tasa, waɗanda suka ji cewa an rubuta labarin wajensu. Danjuma ya kawo Baba a kan babur, an sa masa sabuwar farar riga da ta yi masa yawa, aka zaunar da shi a babban tebur kusa da ni. Muna zama ya lalubo hannuna ya ce, "Malam, ina yake? Ba ni in taɓa kafin manya su taɓa."

Nan ne ya kamata in tsaya. Na sani a lokacin, ba daga baya na gane ba. Amma na ɗauki ƙunshi ɗaya na ɗora masa a cinya. Ya shafa shi da tafin hannunsa mai kaushi, daga sama har ƙasa, ya ɗaga ya ji nauyinsa, sannan ya rungume shi a ƙirji. Ya ce, "Yana da nauyi. Ashe mun faɗi magana da yawa." Na kau da kai na yi kamar ina gyara lasifika.

Na yi jawabi mai shafi huɗu. Na yi magana a kan darajar alƙalami, na yi magana a kan gaskiya da riƙon amana a aikin marubuci (Allah ya yafe mini), na gode wa kowa har da mai rumfa. Aka yi tafi. Sannan aka kira Alhaji Sale. Ya taso yana gyara hannun riga, aka miƙa masa almakashi, ya yi bismillah ya yanke ribon. Abokina ya yi yadda na ce, ya ɗaga murya, "To Alhaji, a ɗaga sama jama'a su gani, mai hoto bismillah!"

Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya karɓi abin magana ya ce, "Tsaya tukuna, ɗana. Ni tun ina saurayi nake cinikin hatsi, ban taɓa sayen buhu ban soka ƙarfe na ga ƙwayar da ke ciki ba. Ba a cinikin biri a sama."

Jama'a suka kwashe da dariya suna tafi. Ni ma na yi dariya, irin wadda haƙora ne kawai ke yinta. Duk lissafin da na yi, ban sa sana'ar mutumin a ciki ba. Na ɗauko wanda ko buhun gero na ɗan'uwansa sai ya huda, na miƙa masa ƙunshi na ce ya yarda da ni.

Ya sa babban yatsa ya keta takardar, ƙyat. Ya zaro na saman, mai shuɗin bango da jadawalin sau a bayansa. Ya nisanta shi da idonsa, ya matso da shi. Alhaji bai yi boko mai nisa ba, amma ya san sunansa in ya gani. Fuskarsa ta washe. Ya juyo gare ni cikin jin daɗi na tsakani da Allah, abin magana a bakinsa, ya ce, "Kai Malam, Allah ya yi maka albarka! Ashe har sunana ka sa a bango?" Sannan ya bi da yatsa yana karantawa a hankali, lasifika na kai wa har bakin titi: "Zainab... Sale... aji biyar... darasin Hausa."

Daga nan 'yan aji biyar da ke baya suka fashe. Wata ta ce, "Lah, littattafanmu!" Zainab ta ja hijabi ta rufe fuska. Alhaji ya zaro na biyu da na uku yana dubawa, murmushin na raguwa kaɗan kaɗan. Mai hoto kuwa, wanda na biya don ya kama wannan lokaci, bai yi ha'inci ba, ya kama shi ta kowace kusurwa.

Na ɗauka an kai ƙarshe, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Shugaban makaranta ya miƙa hannu ya karɓi littafin Zainab, ya sauke tabarau kan hanci, ya shiga buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa. Ya sunkuyo wajena ya ce a hankali, "Malam, ban ga jan biro a nan ba tun makon farko." Shi a ganinsa raɗa ya yi. Ya manta akwai abin magana na biyu a kan tebur, a gaban bakinsa.

Dariyar da aka yi a nan ta fi ta farko. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Amma duk wannan mai sauƙi ne. Da dariyar ta fara lafawa sai na ji muryar Baba a gefena, yana juya kai hagu da dama don bai ga abin da ake yi ba, ƙunshinsa har yanzu a ƙirji.

Ya ce, "Me ya faru? Malam, ba shi ba ne?"

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba, kuma ba na fatan in sake ji. Dariyar mutane ba ta kai rabin wannan tambaya zafi ba. Na durƙusa a gabansa da babbar rigata a cikin ƙasa, na jawo abin magana, na ce, "Baba, ba shi ba ne. Littafin yana Buruku, mota ta lalace, rakiya ta wuce. Tun jiya na sani. Kunyar faɗa nake yi, sai na naɗe littattafan yara. Na yi maka ƙarya, na yi wa jama'a. Ku yafe mini."

Ya sauke ƙunshin daga ƙirjinsa a hankali ya ajiye a kan tebur. Sannan ya ce, "Hanya ce ta riƙe shi? To ai hanyar nan ta riƙe abin da ya fi littafi, Malam. Ta riƙe mutane, wasu har yau ba ta sake su ba. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Babu kuma wanda ya sake dariya.

Madam Rifkatu ce ta cece ni, wadda na ce wa littafi ba daddawa ba ne. Ta taso daga cikin malamai da jakarta a kafaɗa, ta zare abin maganar daga hannuna kamar tana karɓe wuƙa a hannun yaro, ta ce, "Jama'a, littafi yana Buruku, mun ji. Amma mai littafin ga shi nan zaune. Da tsohuwar zuma ake magani. Baba, ga abin magana, ka ba mu abin da ke ciki."

Baba ya riƙe abin da hannu biyu. Da farko Hausarsa na karkata wajen harshen uwarsa kamar yadda takan yi in ya gaji. Ya fara daga bakin rafi, inda tsohuwar bishiyar kiryar take, ya hau tudu yana kiran gidaje ɗaya bayan ɗaya, na wane, sai na wane maƙeri, sai na wance mai tukwane. Wata mata a cikin taron ta sa kuka, ta ce gidan ubanta ke nan ya kira. Wani Bafulatani da ke tsaye a bayan rumfa da sandarsa ya ɗaga murya ya ce, "Baba, kiryar nan na san ta, shanunmu a nan suke shan ruwa!" Baba ya juya wajen muryar ya tambaye shi ɗan wa ne, ya faɗa, ashe ya san kakansa, har ya taɓa ba shi zuma a musayar nono. Wayoyi suka tashi sama ana ɗauka. Ya yi kusan awa yana magana, babu wanda ya nemi zoɓo.

Kafin ya gama Madam ta kwashi takardun jawabina daga kan tebur, ta juya bayansu, tana bin layi tana rubuta sunayen masu son littafin in ya iso. Shafi huɗun nan duka sun cika, kuma iyakar amfanin da jawabin ya yi ke nan. Alhaji Sale ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, ni ba na sayen abin da ban gani ba, ka dai gani. Amma in ya zo ka kawo shagona a jera a kan buhuna. Duk mutumin ƙauye da ya zo awo zai gan shi. Zainab kuma a duba mata aikinta."

Da muka koma gida na zauna a tsakar gida na yi tagumi. Abin da ke cina shi ne jibi Baba zai tafi Kaduna, littafi bai zo ba, jikinsa kuma kowa ya ga yadda yake. Na yi masa alkawari zai riƙe shi a hannu, abin da na ba shi ya riƙe kuwa aikin gida ne na 'yan aji biyar. Maiɗakina tana wanke robobi, ta ce, "Wai su Danjuma in za su Kaduna ba ta Buruku za su bi ba?"

Na ɗago kai na kalle ta. Ni mai digiri, ni mai jawabi shafi huɗu, wannan bai taɓa zo mini ba.

Ta ce, "Ba shi lambar direban mana."

Ranar Litinin wajen azahar ina ɗakin malamai, tulin littattafan aji biyar a gabana, jan biro a hannu, sai wayata ta yi ƙara. Danjuma ne. Ya ce sun tsaya a Buruku, sun sami motar a garejin bakanike, direban ya farke kwali ya ciro kwafi biyar. Ya ce, "Ga Baba."

Na ji numfashinsa tukuna, da ƙarar motoci a bayansa. Sannan ya ce, "Malam, wannan karon sai da na sa Danjuma ya karanta mini bangon kafin in rungume."

Na yi dariya, hawaye na zubo mini a kan littafin wani yaro.

Ya ce, "Ya nuna mini inda aka rubuta Rafin Kirya. Yatsana yana kai yanzu haka. Yana warin sabon abu. Allah ya yi maka albarka, Malam."

Haka Baba ya riƙe littafin a bakin hanya, a gefen garejin bakanike, ba rumfa ba ribon, kafin ni marubucin in sa shi a idona.

Kwalayen sun iso bayan kwana biyu. Ban sake kafa rumfa ba. Na ɗauki ashirin na kai wa Madam Rifkatu da hannu biyu, ta karɓa ta cusa su tsakanin citta da daddawa, ba ta ce mini komai ba, wanda ya fi a ce ta faɗa. (Har yau akwai masu kwafin da ke ƙanshin miya.) Na kai wa mai kemis, na kai tasha, na jera a kan buhunan Alhaji. 'Yan acaɓa suka shiga da shi Kutemeshi da Tsohon Birnin Gwari a ɗaure a bayan babur tare da taki da gishiri. Masu shagon cajin waya, waɗanda ke tura wa mutane fina-finai a memori, suka zo da kansu suka nemi izinin Danjuma su riƙa tura muryar Baba ta ranar taron, duk wanda ya saurara kuma sai ya tambayi ina littafin yake, su nuna masa ɗan tulin da na ajiye musu kusa da soket. Wanda bai iya karatu ba ya saya ya kai gida 'yarsa ta karanta masa. Ba wanda ya yi arziki, amma na mayar wa maiɗakina tunkiyarta, har ta haihu.

Baba bai dawo daga Kaduna ba. Ya yi makonni a asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Da na je gaisuwa Danjuma ya gaya mini cewa daga cikin kwafi biyar ɗin nan, huɗu Baba ya sayar da su daga kan gadonsa, uku ga 'yan ɗakin jinyarsu, ɗaya ga wata nas da yake sa ta karanta masa in ta sami sarari. Na biyar yana ƙarƙashin matashinsa har ranar ƙarshe. Wato mutumin da ya fara sayar da littafina a duniya makaho ne a kwance, ba shi da shago ba shi da lasifika. Kullum na tuna cewa saura ƙiris girman kaina ya sa ya tafi da littattafan 'yan aji biyar a matsayin abin da ya runguma, sai in gode wa Allah, in gode wa matan nan biyu da suka fi ni hankali, in gode wa Alhaji da bai yarda da ƙunshi ba.

Yanzu duk ranar kasuwa da ba ni da aji, za ka same ni na shimfiɗa buhu na jera littattafai, kuma Allah da ikonsa wurin da na samu yana jikin wata tsohuwa mai daddawa. Muna ba juna canji. Hoton nan kuwa na wanke shi na rataye a ɗaki, Alhaji ya ɗaga littafin 'yarsa yana murmushi, ni a gefe kai a sunkuye, daidai yadda na gwada a madubi, sai dai ba don dalilin da na shirya ba.

Abin da na koya bai da yawa. In hanya ta riƙe maka kaya, ka fito ka ce hanya ta riƙe, mutanen garin nan sun fi ka sanin hanyar. In kuwa ka nace sai ka naɗe ƙarya a takarda mai ƙyalli, to kada ka gayyato dillalin hatsi, kuma don Allah ka fara duba wa yara aikinsu.